Fita yawo da kare da yara a hanyar daji mai ƙanƙara da caɓi, a ci gaba ko a haƙura?

"Salam malam, barka da ƙoƙari. Ni da uwargida da yaranmu biyu, babban shekararsa 8 ƙaramar kuma 3, mun saba duk ƙarshen mako mu fita zagaya gandun shaƙatawa a ƙafa tare da karenmu, matsakaici ne amma yana da jan igiya sosai. To yanzu sanyi ya kankama, hanyar wani wuri ƙanƙara wani wuri caɓi, satin da ya wuce har uwargida ta zame ta faɗi. Mu haƙura ne har sanyi ya wuce, ko akwai yadda za mu ci gaba ba tare da wani ya ji ciwo ba? Kuma shi karen dole ne sai na saya masa takalmi?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa, a yi wa uwargida sannu, ina fatan faɗuwar ba ta zo da targaɗe ba. In na fahimce ka abu uku kake tambaya a dunƙule, wato ko fitar ma tana da kyau a wannan yanayi, sannan yaya za a yi mutane su daina zamewa, sai kuma me karen yake buƙata. Amsar farko mai sauƙi ce, kar ku haƙura. Kare mai ƙarfi in ka kulle shi wata uku a gida kai ma sai ka gane kurenka, yara ma haka. Amma fitar sanyi tana da nata tsari, kuma a iya abin da na gani wajen jagorantar mutane irin wannan yawo, yawancinsu suna shirya wa abin da ba shi ne zai kada su ba.

Ba tsananin sanyi ne ke kada mutane ba

Mutane suna duba waya su ga digiri 10 ƙasa da sifili sai su tsorata su zauna a gida, ranar da suka ga digiri 2 ko 3 sama da sifili kuma sai su ce yau an samu sauƙi bari mu fita. To gaskiya ta fuskar zamewa abin a juye yake. In sanyi ya yi tsanani komai a bushe yake, dusar ƙanƙara tana ƙara ƙarƙashin takalmi kuma tana riƙe ƙafa, taɓo ya daskare ya yi tauri kamar siminti. Matsalar tana wajen sifili ne, inda da rana abu ya narke da dare ya sake daskarewa. Dusar da ɗaruruwan ƙafafu suka tattake ta riga ta danne ta zama ƙanƙara, rana ta narkar da samanta, dare ya mayar da ruwan gilashi, washegari da hantsi kuma ɗan siririn ruwa ya sake kwanciya a kai. Wannan ruwan da ke kan ƙanƙara shi ne mafi santsin abin da za ka taka, da wuya a samu takalmin roba da zai kama shi komai tsadarsa.

Shi ma caɓin daga nan yake fitowa. Ƙasa ta daskare can ciki, sai saman kamar santimita 2 ko 3 ya narke, ruwan ba shi da hanyar nutsewa saboda ƙarƙashinsa a toshe yake, sai ya zauna ya kwaɓe da ƙasar. Shi ya sa caɓin sanyi ya fi na ruwan sama santsi, laka ce mai laushi a kan abu mai tauri. Don haka ni in zan fita da iyali a irin wannan mako da safe nake fita, lokacin da taɓon bai saki ba, in dawo kafin azahar. Amma fa wannan shawarar tana tafiya ne tare da ƙarfen hana zamewa da ake sa wa ƙasan takalmi, wanda zan yi bayaninsa a ƙasa, in babu shi to safiya ita ce lokacin da ƙanƙarar ta fi tauri.

Akwai wuraren da kullum su ne ke fara daskarewa kuma su ne na ƙarshen narkewa. Gadar katako da matakalar katako, saboda iska tana bi ta sama da ƙasa babu ɗumin ƙasa da zai taimaka. Saiwar bishiya da ta fito kan hanya. Ƙarƙashin busasshen ganye, inda ba ka ganin komai sai ka ji ƙafa ta tafi. A ƙasashen arewacin duniya gefen tudun da ke kallon arewa rana ba ta cika samunsa ba, sai ka bar hanya busasshiya ka sha kwana ka tarar da ƙanƙara shimfiɗe. Sannan filin ajiye motoci, wanda mutane ke rainawa, an fito daga mota hannu ɗaya da jaka ɗaya da igiya, kare yana ta zumuɗi, ba a ma sa ƙarfen ba tukuna.

Ƙafarka da igiyar da ke hannunka

Ka ce karenku yana jan igiya, to nan ne zan fi daɗewa, don ina kyautata zaton da hannunsa a faɗuwar uwargida. Shi ƙafa huɗu gare shi da farata, kuma jikinsa kusa da ƙasa yake. Kai biyu gare ka kuma dogo ne. Ku ɗauka kuna gangarowa a hankali, ƙafarka ɗaya a sama za ka sauke, sai kurege ya gilma, karen ya zabura da duk nauyinsa, igiyar ta miƙe ta fizgi kafaɗarka gaba a daidai lokacin da duk jikinka ke kan dunduniya ɗaya. Ko daƙiƙa ɗaya ba a yi ba kana ƙasa, kuma da yake mutum hannu yake fara kaiwa, wuyan hannu ne ke karyewa. A busasshiyar ƙasa wannan fizgar ba komai ba ce, takalmi zai riƙe.

To abin da nake sa mutane su yi. Igiyar nan mai maɓalli da ke warwarewa da kanta a bar ta a gida, tana ba kare damar ya yi gudun mita 5 ya tara ƙarfi kafin ta tsaya cak. Igiyar da ake ɗaurawa a ƙugu ma ban yarda da ita a kan ƙanƙara ba, masu gudu suna sonta kuma tana da daɗi a hanya mai kyau, amma in ya ja ka ba ka da yadda za ka saki. A samu igiya ta talaka mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa 2, a riƙe ta a tafin hannu, kar a naɗe ta a wuyan hannu. A sa masa ɗamarar ƙirji mai zobe a gaba, wadda in ya ja sai ta juyo da shi gefe maimakon ta ba shi abin dogara. Sannan a koya masa kalma biyu tun a gida, "tsaya" da "baya", yadda a gangara zai bi bayanka ba gabanka ba. Wannan koyarwar ta fi duk kayan da za ka saya amfani, sai dai tana cin makonni, don haka a fara yau a tsakar gida da ɗan abin lasa a aljihu.

Rabon aiki kuma a yi shi tun a mota. Babba ɗaya kare, babba ɗaya ƙaramar yarinya, babu mai haɗa biyun. Ɗan shekara 8 zai roƙa a ba shi igiya, na san su, a ce masa sai an zo fili mai faɗi marar ƙanƙara.

Batun ƙarfen takalmi, iri biyu ne za ka fi gani a kasuwa. Akwai mai naɗaɗɗiyar waya a ƙasa irin na kamfanin Yaktrax, yana da kyau a shimfiɗaɗɗiyar hanya da dusar da aka tattake, amma a gangara mai ƙanƙara tsantsa bai cika kamawa ba. Akwai kuma mai sarƙa da ƙananan haƙoran ƙarfe da tsawonsu bai wuce santimita ɗaya ba, irin na kamfanin Kahtoola da makamantansa, ana ja masa roba ne a kan takalmi. Wannan na biyun shi nake ba da shawara ga duk hanyar da ke da hawa da sauka. Manyan ƙarafan masu hawan tsaunuka ba naku ba ne, za su fi cutar da ku. A cire shi in an hau dutse tsirara ko kwalta ko an shiga gini mai tayil, a nan shi kansa santsi yake, kuma a kula kar a taka dagin kare da shi. Sanda ɗaya mai bakin ƙarfe a hannun da babu igiya tana ƙara maka ƙafa ta uku. Taku kuma gajere, ƙafa ta sauka gaba ɗaya ba dunduniya ba, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannu waje da aljihu. Sannu ba ta hana zuwa.

Ita ƙaramar, in za a goya ta a jakar goyo ta baya, a sani nauyinta yana ɗaga ma'aunin jikin mai goyon sama, zamewa ta fi sauƙi kuma faɗuwar ta mutum biyu ce. Mai goyo dole ya sa ƙarfe. Abu na biyu da iyaye ke mantawa, kai kana tafiya kana gumi ita tana zaune ƙafafu na reto a iska ba ta motsi, kai kana jin zafi ita tana daskarewa, kuma wani lokacin ba za ta yi kuka ba sai dai ta yi shiru ka ɗauka barci ne. A ƙara mata riga ɗaya a kan abin da kai ka sa, a riƙa tsayawa ana taɓa hannunta da ƙafarta da bayan wuyanta, a sauke ta ta ɗan taka a inda ya dace.

Takalmin kare, dole ne?

Ba dole ba ne ga yawancin karnuka a fitar awa ɗaya ko biyu. Dagin kare an yi shi da kitse mai kauri, kuma jijiyoyin jinin da ke shiga da masu fita suna manne da juna, jini mai ɗumi yana ɗumama mai sanyi kafin ya koma jiki, shi ya sa yake tsayawa a kan dusa ba ya damuwa. Abubuwan da ke damunsa daban ne. Na farko dusa tana maƙalewa a gashin da ke tsakanin yatsunsa ta dunƙule ta zama ƙananan duwatsu, sai ka ga ya tsaya yana ɗaga ƙafa yana cizonta. A rage gashin da almakashi daidai da tafin, a shafa man kakin dagi kafin a fita, in ta dunƙule a narkar da ita da ɗumin hannu kar a fizge. Na biyu ɓawon ƙanƙara mai kaifi da ke yanka tafi, in ka ga ɗigon ja a kan dusa ka duba ƙafa huɗun. Na uku gishirin da ake watsawa a titi da filin motoci, yana busar da tafin ya tsattsage shi, in ya lashe da yawa kuma ya ɓata masa ciki. A nan ne takalmi yake da rana, ko kuma in tafin ya riga ya tsage. In za ka saya ka gwada masa a gida tukuna, kuma ka sani wasu takalman suna rufe farata su rage masa kamu a kan ƙanƙara, ga shi ɗaya yakan ɓace a caɓi ba ka sani ba sai an dawo mota.

Abin da ya fi gishiri haɗari a filin motoci shi ne ruwan hana daskarewa da ke ɗiga daga lagireton mota, galibi kore ko ruwan hoda. Sinadarin etilin gilaikol da ke cikinsa yana da zaƙi, kaɗan ya isa ya lalata ƙodar kare, kuma maganin yana aiki ne kawai in an kai shi cikin 'yan awanni. In ka ga ya lasa kar ka jira alama, likitan dabbobi kai tsaye. Haka abin motsa bakin yara, cakulan da zabibi da cingam mai sinadarin zaƙi na zailitol duk guba ne gare shi, kuma yara a hanya sun iya zubarwa.

Riga kuwa ya danganta da irin karen. Mai gashi ninki biyu irin Husky ko Malamute ba ya buƙata, za ta ma sa shi zafi. Mai gajeren gashi marar kitse irin Greyhound, ko ɗan ƙarami da cikinsa ke shafar dusa, ko kwikwiyo ko tsoho, waɗannan suna buƙata. Zafin jikin kare lafiyayye yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan ɗoriya, kuma ba zai gaya maka ya fara sauka ba sai ta alama: karkarwa, ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, cusa wutsiya, rage sauri, neman komawa. Kare jiƙaƙƙe a digiri 2 da iska ya fi busasshe a digiri 8 ƙasa da sifili shan wahala. Kar a jefa masa ƙwallo a kan santsi, juyawar gaggawa ce ke tsinka jijiyar gwiwa, kuma wannan aikin tiyata ne da jinyar watanni.

Tafkin da ya daskare

Wannan kam ba na sassautawa. Duk inda hanya ta bi gefen tafki ko rafi ko kududdufi mai ƙanƙara a sama, kare yana kan igiya, yara suna gefen da ba ruwa. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce sai ƙanƙara garai-garai ta kai kaurin santimita 10 kafin ta ɗauki mutum a ƙafa, fara mai haɗe da dusa kuma ƙarfinta kusan rabi ne, kuma a makon da ake narkewa ana daskarewa babu wanda zai iya auna wannan da ido, musamman inda ruwa ke gudana a ƙasa. Labarin kusan iri ɗaya ne duk shekara a ƙasashen sanyi, kare ya bi agwagwa ya rufta, mai shi ya bi shi, sau da yawa karen ya fito da kansa mutumin ne bai fito ba. In ya faru kar ka hau. Ka tsaya a gaɓa ka kira sunansa ya nufo inda ya shigo, ka kira lambar agajin gaggawa, in akwai dogon reshe ko igiya ka miƙa daga inda ƙafarka ke kan ƙasa. Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada, wanda ya shahara da binciken faɗawa ruwan sanyi, ya taƙaita abin da 1-10-1: minti 1 na farko numfashi ke ƙwacewa sai ka yi ƙoƙarin daidaita shi, sannan kana da kamar minti 10 da hannuwa za su yi aiki, sannan wajen awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankali. Ka lura da minti goman nan, shi ne duk abin da kake da shi na fitar da kanka, balle a ce da kare a hannu.

Sutura da lokaci

Nan ba sai na ja ba. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ruwa kuma yana janye zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska, don haka abin da ke taɓa fata ya zama ulu ko yadin roba, sai mai ɗumi a tsakiya, sai jaket mai tare iska. A fara tafiya ana ɗan jin sanyi, in an fara gumi a buɗe zif. Iska mai gudun kilomita 30 a awa tana mayar da sifili ya zama kamar 6 ƙasa da sifili a fata. Yara a ɗaukar musu safa da safar hannu na canji a leda, don sai sun jiƙa na farko. In yatsa ya yi fari ya mutu kar a murza shi, a sa a hammata ko ruwa mai ɗumi kamar zafin jiki.

Nisa kuma a rage. Tsohon lissafin saurin tafiyar ƙafa da wani mai hawan duwatsu William Naismith ya kawo a 1892 yana ba babba kilomita 5 a awa, da ƙarin awa ɗaya ga duk hawan mita 600, to da 'yar shekara 3 da ƙanƙara ni rabin haka nake lissafawa, wani lokacin ma bai kai ba. Kilomita 2 zuwa 3 sun isa, kuma na fi son hanyar da za a je a dawo ta inda aka bi, don ka riga ka ga abin da ke kanta, ba mai zagaye ba wadda za ta ajiye maka mugun gangare a ƙarshe lokacin da kowa ya gaji. Rana tana faɗuwa da wuri, a wurare da yawa ƙarfe 4 zuwa 5 duhu ya fara a watan Disamba, cikin bishiyoyi ma kafin haka. Tocilar goshi a jaka, waya a aljihun ciki don sanyi yana shanye batir, ruwan ɗumi a filas har da na kare don cin dusar ƙanƙara bai cika kashe ƙishi ba, kuma wani a gida ya san inda kuka nufa.

Shi caɓin kansa

Zan faɗi abin da mutane ba sa so. In kun tarar da caɓi a tsakiyar hanya ku bi ta cikinsa, kar ku kewaye. Kowa in ya kewaye sai ciyawar gefe ta mutu, hanya mai faɗin mita ɗaya ta zama uku, ruwa ya samu wajen zaizaya. In caɓin ya kai yadda takalmi ke nutsewa ya bar rami, ranar ba ta wannan hanyar ba ce, a koma mai tsakuwa ko kwalta, kuma in masu kula da gandun sun rufe wata hanya saboda haka a bi dokarsu. Kashin kare a kwashe, sanyi ba ya ruɓar da shi, ajiye shi yake yi har narkewa ta wanke shi zuwa rafi. Kar a bar shi ya kori barewa ko zomo, a wannan lokacin ɗan kitsen da suka tara shi ne rayuwarsu.

Kar a bar shi ya sha kwantaccen ruwa, ana ɗaukar cutar leftosfira daga fitsarin ɓeraye da namun daji a irin wurin, tana kama mutane ma, kuma akwai allurar rigakafinta. Kaska ma ba ta tafi hutu ba, da zarar an haura kamar digiri 4 wasu irinta suna motsi, a duba kunne da wuya da hammata. A mota na kan ajiye tsohon tawul biyu da galan na ruwan ɗumi da ɗan roba, a tsoma ƙafa ɗaya bayan ɗaya, a buɗa tsakanin yatsu a wanke gishiri da laka, a goge ciki da ƙirji sosai kafin ya hau.

Iyakata a nan ita ce ni ba likitan dabbobi ba ne kuma ban ga karenku ba. In ya haura shekara 7 ko 8, ko yana ɗingishi da safe, ko yana da ciwon zuciya ko na suga, a tambayi likitansa nawa zai iya kafin a ɗora shi a wannan tsari. Haka duk abin da na faɗa na hanyoyin gandun shaƙatawa ne masu alama da jama'a, tsauni mai zurfin dusa wani karatu ne daban da kayansa daban. Ita kuma uwargida, in wuyan hannu ko ƙugu ko gwiwa na ci gaba da ciwo ko kumburi har yanzu, a je a ɗauki hoto kafin fita ta gaba, don akwai ƙaramin ƙashi a gindin babban yatsa da yake karyewa mutum ya ɗauka targaɗe ne.